Daga Ambursa zuwa Zagami: Gidan Tarihin Duwatsu na Jami'a a Idon Manazarcin Hausa

Tsakure

Gidan tarihin duwatsu na jami'a wuri ne da ake adana ma'adinai da burbushin halittun dauri da duwatsun da suka faɗo daga sama, domin koyarwa da bincike. Wannan maƙala ta dubi irin wannan gida da idon manazarcin Hausa, ta ɗauki ƙasar da Ambursa ke zaune a kanta da kwarin Rima a matsayin mafari. Maƙalar ta nuna cewa sunayen garuruwan ƙasar Hausa sun cika littattafan kimiyyar duwatsu, alhali harshen mutanen garuruwan bai sami gurbi a bayanin ba. An kwatanta yadda Bahaushe ke rarraba ma'adinai da yadda masanin duwatsu ke rarraba su, an fito da wuraren da fassarar kai-tsaye ke ɓatar da mai karatu, sannan an ba da shawarar yadda malamin Hausa zai tsara ziyarar ɗalibai zuwa irin wannan gida.

Fitilun Kalmomi: gidan tarihi, ma'adinai, burbushi, dutsen sama, sunayen wurare, ƙirƙirar kalmomi

1.0 Gabatarwa

Ambursa gari ne da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, kuma a nan filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake. Mai haƙar rijiya a wannan yanki yana da ilimin da bai koya a aji ba. Ya san inda rairayi ke ƙarewa, da inda marmara ke karya bakin diga, da yumɓun da ke riƙe ruwa, da yashin da idan an kai gare shi an kai ga biyan buƙata. Waɗannan hawa-hawa na ƙasa da yake ratsawa, masana duwatsu sun haɗa su a ƙarƙashin suna guda, wato Shimfiɗar Gwandu. Sunan garin Abdullahin Gwandu ne aka ɗauka aka laƙaba wa duwatsun, kuma da shi ake kiran su a jami'o'in duniya. Sai dai da wuya a sami mai haƙar rijiyar da ya taɓa jin haka, kamar yadda da wuya a sami littafin kimiyyar duwatsu da ya ambaci kalmomin da shi yake amfani da su.

Wannan giɓi ne maƙalar ta sa a gaba. Galibin gidajen tarihin duwatsu na jami'o'i sun kasu sassa uku: ma'adinai, da burbushin halittu, da duwatsun sama. Za a bi sassan ɗaya bayan ɗaya, a ga abin da ƙasar Hausa ta bayar a kowane sashe, da abin da harshen Hausa ke da shi ko yake buƙata domin bayyana shi.

2.0 Shimfiɗun Ƙasar Rima da Sunayensu

Kafin a shiga ɗakin ajiya, ya kamata a san ƙasar da kayan suka fito. Yankin Sakkwato da Kebbi gefe ne na wani makeken kwari da ya ratsa Nijar da Mali, wanda masana ke kira Iullemmeden, sunan da aka aro daga wani reshe na Abzinawa. Duwatsun wannan kwari a jere suke, wani bisa wani, kamar tabarmin da aka shimfiɗa, kuma sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma. Saboda wannan karkata, matafiyin da ya taso daga Gusau ya bi ta Sakkwato ya nufi Birnin Kebbi yana barin tsofaffin duwatsu ne yana hawa sababbi.

A wajen Gusau akwai ƙaƙƙarfan dutsen asali, wanda shi ne ginshiƙin duk abin da ke sama. Daga nan sai Shimfiɗar Gundumi mai tsakuwa da yashi, inda ake samun itacen da ya rikiɗe ya zama dutse. Takwararta a kudu maso yamma, wajen Kogin Kwara, ita ce Shimfiɗar Illo. Sai rukunin Rima, wanda ya ƙunshi Taloka da Dukamaje da Wurno, da ya taru a ƙarshen zamanin da ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. A kansa akwai Dange da Kalambaina. Daga bisani sai Gwandu, wadda ta rufe Argungu da Ambursa da Birnin Kebbi. Ita ce ke ɗauke da ruwan ƙarƙashin ƙasa mafi albarka a yankin, har a wasu wurare na fadama ruwan rijiyar burtsatse kan taso da kansa. Tsaunukanta masu shafaffen kai marmara ce ta lulluɓe su, shi ya sa ruwan sama bai cinye su ba.

Tun daga littafin J. D. Falconer na 1911 kan duwatsun Arewacin Nijeriya, zuwa kafa hukumar binciken duwatsu ta ƙasa a 1919, zuwa ayyukan Cornelius Kogbe a shekarun 1970, al'adar masanan ita ce su sanya wa kowace shimfiɗa sunan wurin da ta fi bayyana sarai. Abin lura ga manazarcin sunaye shi ne, sunan kan tashi daga garin ya yi tafiyarsa. Ga Basakkwace, Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, inda kabarinsa yake. Ga ɗalibin duwatsu a wata nahiya kuwa, Wurno yashi ne mai laushi da laka. Suna ɗaya ya sami ma'ana biyu, kuma masu riƙe da ma'anonin ba su san juna ba.

3.0 Sashen Ma'adinai: Rabon Amfani da Rabon Sinadari

A wannan sashe ne ɗalibin Hausa zai fi jin yana gida, domin harshen ba matalauci ba ne a nan. Akwai tama da kuza da dalma da tagulla da zinariya da azurfa. Akwai kanwa da ungurnu da farar wuta da tozali. Gishiri kaɗai yana da sunaye irin su balma da manda da mangul, kuma Kabawa sun daɗe da sanin gishirin Foga da fatake ke kawowa daga yamma. A ɓangaren ƙasa da dutse akwai yumɓu da laka da taɓo da rairayi da tsakuwa da marmara da fa da ƙanƙara ta ƙyastu.

Idan aka duba waɗannan kalmomi za a ga ma'auninsu amfani ne da kama da kuma wurin da abin ya fito. Maƙeri ne ya san tama, maginiyar tukwane ta san yumɓu, falke ya bambance balma da mangul. Masanin duwatsu kuwa sinadarin da ya haɗa abu yake bi, da tsarin ƙwayoyinsa, da taurinsa. Kowane rabo daidai yake a muhallinsa. Matsala tana tasowa ne idan aka ɗauki kalmar wani rabo aka ɗora a kan wani ba tare da bincike ba. Misalai uku sun isa.

Na farko, kanwa. An saba fassara ta da kalmar Ingilishi da ke nufin gishirin toka mai sinadarin fotashiyam, alhali kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga sinadarin sodiyam ne ya rinjaye ta. Kuskuren tsoho ne, kuma ya bi littattafai ya zauna.

Na biyu, farar ƙasa. A bakin jama'a tana iya zama farin yumɓun shafe ɗaki, tana iya zama dutsen da ake ƙonawa a yi siminti, wani ma kan kira jifsam da ita. A gidan tarihi abubuwa uku ne a akwatuna uku. Jifsam farce na iya kartarsa, dutsen siminti yana kumfa idan aka ɗiga masa ruwa mai tsami, farin yumɓu kuwa ba ya kumfa. Dutsen Kalambaina shi ne ya sa aka kafa kamfanin siminti na Sakkwato a 1962, jifsam kuma ana samunsa a shimfiɗun Dukamaje da Dange. Wanda zai rubuta bayanin waɗannan da Hausa dole ya raba sunan gida uku.

Na uku, tozali, kuma a nan maganar ta wuce ta ƙamus. Tozalin gargajiya mai ƙyalli da ake niƙawa, sau da yawa ma'adinin galina ne, wato haɗin dalma da farar wuta, ko da yake an saba fassara shi da sunan wani ƙarfe dabam. Dalma guba ce, musamman ga yara. A shekarar 2010 aka gano cewa ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma, waɗanda ake niƙawa a cikin gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega a jihar Zamfara, ta hallaka yara aƙalla 400. Mutanen sun san zinariya, sun san dalma, amma babu wanda ya taɓa bayyana musu da harshensu cewa dutse ɗaya na iya ɗauke da duka biyun. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu.

4.0 Sashen Burbushi: Lokacin da Teku ya Rufe Ƙasar Rima

Abin da ya fi ba baƙo mamaki a wannan sashe shi ne ganin kwanson dodon koɗi na teku da haƙoran kifin teku, a ce masa daga Sakkwato aka tono su. Dalili kuwa shi ne, a ƙarshen zamanin manyan dabbobi masu rarrafe da kuma bayansa kaɗan, wani siririn teku mara zurfi ya ratsa inda Sahara take a yau, ya malale wannan yanki fiye da sau ɗaya. Lakar Dukamaje da Dange a ƙarƙashinsa ta kwanta, dutsen Kalambaina kuma tarin kwansunan halittunsa ne. Sai bayan da ya janye ne koguna da tafkuna suka zubo yashi da yumɓun Gwandu. Wato kafin Gulbin Kabi da Matan Fada, ruwan gishiri ne ya mallaki ƙasar.

A 1930 W. E. Swinton ya bayyana ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da aka samo a lardin Sakkwato. Dabbar dangin guza da damo ce, amma da filafilai take iyo maimakon ƙafafu. Bayan masana daga Jami'ar Florence ta Italiya sun tono ƙarin ƙasusuwa, ciki har da ƙoƙon kai, sai Augusto Azzaroli da abokan aikinsa suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo. Ƙoƙon kan yana cikin ajiyar kayan duwatsu da burbushi ta wannan jami'a. A 1975 kuma L. B. Halstead ya sanya wa wani kada na wancan zamani suna Sokotosuchus. A ƙetaren iyaka, hamadar Gadoufaoua ta Nijar ta ba da Ouranosaurus, wanda Philippe Taquet ya bayyana a 1976, da Nigersaurus na Paul Sereno a 1999. Jobaria, wanda aka tono a yankin Agadas, ya sami sunansa ne daga wata halitta ta tatsuniyoyin Abzinawa. Wannan misali ne na yadda adabin baka kan shiga sunan kimiyya idan masu binciken sun saurari mutanen wurin.

Ta fuskar kalmomi, kafofin watsa labarai sun saba da burbushin halittu. Kalmar ta karɓu, bai kamata a ture ta ba. Sai dai burbushi a asali ɗan abin da ya rage ne, kamar na tuwo ko na gurasa, don haka ba ta dace da cikakken ƙoƙon kai ko gungumen ice ba. Wannan maƙala na ganin a bar ta a matsayin uwa, a yi mata 'ya'ya da kalmar dauri: ƙashin dauri, icen dauri, kwanson dauri, sawun dauri. Haka nan, masuntan Argungu suna da sunaye na sassan jikin kifi da kada da kunkuru waɗanda za su yi amfani wajen rubuta bayanin ƙasusuwan, in an tattara su.

5.0 Sashen Duwatsun Sama: Sunan da ya Tsira da Sunan da ya Ɓata

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi na cikin gonarsa kusa da Dutsen Zagami a lardin Katsina, sai ya ji ƙara mai tsanani, wani dutse ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake, ya nutse cikin ƙasa. Nauyinsa kimanin kilo 18 ne. An kai shi ofishin binciken duwatsu a Kaduna. Shekaru bayan haka aka tabbatar daga duniyar Mars ya fito, domin iskar da ta maƙale a cikin irin waɗannan duwatsu ta yi daidai da wadda kumbunan Viking na Amurka suka auna a can a 1976. Dutsen ya daskare ne daga narkakken dutse kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, sannan wani karo mai ƙarfi ya cillo shi sararin samaniya. A yau yankakkun ɓangarorinsa suna warwatse a gidajen tarihi da ɗakunan bincike na ƙasashe da dama, kuma duk inda suke Zagami ake kiran su.

Ba shi kaɗai ba ne. An rubuta faɗowar irinsa a Birnin Ƙonni a 1923, da Kabo a 1971, da Mayo Belwa a 1974, da Gujba a 1984. Ƙa'idar masana ita ce a kira dutsen sama da sunan wuri mafi kusa da inda ya faɗi. Amma akwai dubban duwatsu da aka tsinta a Sahara suka bi hannun dillalai, waɗanda ake yi wa lamba kawai tare da haruffan NWA, ma'ana Arewa maso Yammacin Afirka. Ɗaya daga cikinsu, NWA 16788, an tsince shi a yankin Agadas a watan Nuwamba na 2023. Nauyinsa ya kusa kilo 25, kuma shi ne dutsen Mars mafi girma da aka sani a doron ƙasa. A watan Yuli na 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York a kan dala miliyan 5.3, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar. Idan aka jera duwatsun nan biyu, darasin a fili yake: wanda aka shaida faɗowarsa aka rubuta ya tafi da sunan ƙauyensa, wanda ya bi ta kasuwa ya koma lamba.

A nan ma akwai aikin rarrabe kalmomi. Tauraro mai wutsiya dabam, hasken da ke gilmawa da dare wanda malamai ke kira shihabi dabam, dutsen da ya iso ƙasa kuma dabam. Wannan na ƙarshe ya dace a tsayar masa da suna dutsen sama. Sai kuma gatarin aradu, wanda jama'a suka yi imani tsawa ce ke jefo shi. Galibin abin da ake nunawa da wannan suna gogaggen gatarin dutse ne da mutanen dauri suka sassaƙa, don haka wurinsa sashen tarihin ɗan Adam ne. Haka kuma akan ɗauki kashin maƙera ko dunƙulen marmara a zaci dutsen sama ne. Na gaskiya yakan zo da siririn baƙin ɓawo na ƙuna, yakan fi sauran duwatsu nauyi, mafi yawansu maganaɗisu na kama su, kuma ba su da ramukan kumfa irin na kashin maƙera. Wannan bayani bai fi layi huɗu ba, amma rashinsa da Hausa na iya sa kaza ta kwana a kan dami.

6.0 Tsara Ziyarar Ɗalibai

Malamin da zai kai ɗaliban Hausa irin wannan gida zai fi cin riba idan ya raba aikin mataki uku.

Kafin tafiya, kowane ɗalibi ya tattaro kalmomin dutse da ƙasa daga masu sana'a na garinsu: mahaƙa rijiya, maƙera, magina, masu tukwane da masu sayar da kanwa. A rubuta kalmar yadda aka furta ta, domin karin harshe na da muhimmanci. Wanda ya ce dutsi kada a mayar masa da ita dutse. A kuma duba abin da ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 suka kawo, a ga inda suka dace da bakin masu sana'a da inda suka saɓa.

A cikin gidan, a nemi mai kula da shi ya ba da damar taɓa samfuran koyarwa. Ɗalibi ya gwada kalmar da ya zo da ita a kan abin da ke gabansa, ya rubuta ko ta yi daidai, ko ta yi faɗi, ko ta yi ƙunci. A kuma kwafe duk sunan garin ƙasar Hausa da aka gani a jikin takardun bayani.

Bayan dawowa, kowane rukuni ya rubuta bayanin samfuri guda da Hausa, wanda bai wuce jimla uku ba, a karanta wa mai sana'ar da aka samo kalmar daga gare shi. Idan bai gane ba, bayanin bai yi ba. Wanda masanin duwatsu ya amince da shi, mai sana'a kuma ya fahimta, shi ne ya cancanci a liƙa.

Irin wannan aiki zai amfani wuraren da ba na jami'a ba. Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu, wanda tsohuwar fada ce, yana adana makamai da kayan sarauta da na su. Ƙaramin akwati na tama da marmara da kwanson Kalambaina, da bayani cikin Hausa, zai nuna wa maziyarci ƙasar da wannan tarihi ya gudana a kanta, har da irin dutsen da aka gina ganuwar Surame da shi.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sassa uku na gidan tarihin duwatsu, ta nuna cewa a kowanne akwai rabon ƙasar Hausa: Gwandu da Kalambaina a shimfiɗu, Goronyo da Sakkwato a burbushi, Zagami da Kabo a duwatsun sama. Ta kuma nuna cewa buƙatar harshen ta bambanta daga sashe zuwa sashe. A ma'adinai kalmomi suna nan, tantancewa suke jira. A burbushi akwai uwar kalma, rassa ake nema. A duwatsun sama kuwa rarrabewa ake buƙata tsakanin abubuwan da aka cakuɗa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da masanin duwatsu zai iya shi kaɗai, haka ma masanin harshe. Sassan Hausa da na kimiyyar duwatsu a jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano suna cikin haraba ɗaya, don haka haɗuwarsu ba ta buƙatar guzuri mai yawa. Mafarin aikin kuwa yana hannun mahaƙa rijiya na Ambursa da takwarorinsu, kuma ya kamata a rubuta abin da suka sani tun injin burtsatse bai raba su da sana'ar ba.